Jokichi Takamine: Kafin ka sayi maganin narkar da abinci a intanet, ka san ɗaya daga cikin waɗanda suka fara haɗa shi



Bari in fara da tambaya. A makon nan kaɗai, sau nawa ka ci karo da bidiyon wani ko wata a TikTok ko Facebook, riƙe da 'yar kwalba mai sheƙi, ana ce maka ga maganin kumburin ciki, ga na ƙwarnafi, ga mai rage teɓa, duk a ƙwaya ɗaya? Sunan da ake yi wa kirari yanzu shi ne enzayim, wato sinadarin da ke narkar da abinci. Ni kaina na taɓa faɗawa. A zangon karatun da ya wuce, muna tsakiyar jarabawa cikina ya sa ni gaba, na tura wa wata mai talla kusan rabin kuɗin abincina na wata, aka aiko min da kwalba ta tasha. Yadda muka ƙare da kwalbar, zan gaya maka a ƙasa. Amma ita ce ta sa na shiga neman wanda ya fara wannan sana'a, har na ci karo da wani mutumin Japan da ya rasu sama da shekara 100 da suka wuce, mai suna Jokichi Takamine. In ka biyo ni a hankali, za ka ga labarinsa ya ratsa ta madafin gidanku na Argungu ko Birnin Kebbi.

Ɗan likita, jikan masu tukunya

An haifi Takamine ranar 3 ga Nuwamba, 1854, a garin Takaoka, ya kuma tashi a Kanazawa. A shekarar ce Japan ta sa hannu a yarjejeniyar da ta buɗe wa jiragen Amurka tashoshinta, bayan ta shafe sama da shekara 200 ƙofarta kusan a rufe. Mahaifinsa likita ne. Mahaifiyarsa kuwa 'yar gidan masu dafa giyar shinkafa ce. Ba yabon sana'ar nake ba, tarihi ne, haka ya zo. Abin lura shi ne, a irin waɗannan gidaje akwai wani ilimi da aka gada kaka da kakanni: ana turara shinkafa, a barbaɗa mata irin wata farar fumfuna da suke kira koji, a lulluɓe ta a ɗaki mai ɗumi. Bayan kamar kwana biyu sai ka ga shinkafar ta yi fari fat, ta kuma soma zaƙi. Da wannan koji ɗin ne mutanen Japan ke haɗa kayan miyarsu na waken suya, kamar dai matsayin daddawa a wurinmu.

To yaron ya tashi tsakanin jakar magungunan babansa da tukwanen dangin innarsa. Riƙe wannan, don shi ne mabuɗin labarin gaba ɗaya.

Tun yana ƙarami aka tura shi Nagasaki koyon Turanci. A 1879 ya kammala karatun kimiyyar haɗa sinadarai a kwalejin injiniyoyi ta Tokyo, shekara ta gaba gwamnati ta tura shi Glasgow a ƙasar Birtaniya, inda ya yi shekara uku. Da ya dawo a 1883 ya kama aiki a ma'aikatar noma da kasuwanci. Bai dawo yana raina kayan gida ba. Tunaninsa shi ne ya ɗauki ilimin da ya koyo ya gyara sana'o'in da ya tarar a ƙasarsa.

A 1884 aka tura shi wakilci wani babban baje-koli a New Orleans ta Amurka. Abu biyu ya samo a can. Na farko dutsen fosfet da ake yin takin zamani da shi, wanda ya kwaso samfurinsa, har a 1887 shi da attajiri Shibusawa Eiichi da wasu suka kafa kamfanin takin zamani na farko a Japan. Na biyu kuma wata budurwa Ba'amurkiya, Caroline Hitch, wadda ya aura a 1887 ɗin. A tsakanin nan ya yi aiki a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Japan, inda ya fahimci cewa basirar da ba a rubuta ta an yi mata rajista ba, ta kowa ce.

Tukuna, mene ne enzayim?

Kafin mu bi shi Amurka, gwada wannan da kanka. Ɗauki lomar tuwon shinkafa ba miya, ko gutsuren burodi, ka yi ta taunawa kada ka haɗiye. Bayan ɗan lokaci za ka ji wani zaƙi-zaƙi ya fito. Ba wanda ya zuba sukari. Yawunka ne ke ɗauke da wani enzayim mai suna amiles, wanda ke datsa sitaci ya mayar da shi sukari. A tumbi akwai fefsin mai narkar da sinadarin gina jiki irin na nama da kifi. Sai fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda ke zuba wa hanji enzayim na sitaci da na nama da na maiƙo. Wato Allah Ya riga Ya ajiye maka masana'anta a cikinka, tana aiki kullum ba ka biya.

Yanzu leƙa madafi. Lokacin da nake zuwa hutu wurin kakata a Argungu, na sha ganin yadda take haɗa kunun zaƙi. Takan raba ƙullun gero biyu, ta dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa ya yi kauri kirtif. Sai ta jira ya sha iska. Sannan ta zuba ɗanyen ƙullun da aka niƙa da tsiron shinkafa ko dankali, ta rufe, a kwana. Da safe abin da ya yi kauri ya tsinke, ya yi zaƙi. In ka matsa mata ta zuba tun yana tururi, sai ta kore ka daga wurin, don kunun zai lalace. Kaka ba ta taɓa jin kalmar amiles ba, amma da shi take aiki: tsiro da dankali suna ɗauke da shi, zafi mai tsanani kuma kashe shi yake yi. Haka mai naɗe nama a ganyen gwanda don ya yi laushi, da Bafulatanar da ke daskarar da madara da tumfafiya ta yi cuku. Duk aikin enzayim ne.

Turawa ma daga tsiro suka fara. A 1833 wasu Faransawa biyu, Payen da Persoz, suka ware wannan sinadari daga tsiron sha'ir, suka sa masa suna dayastes. Abin da Takamine ya lura da shi shi ne, fumfunar gidan kakanninsa tana yin wannan aiki cikin sauri da araha, ba sai an jira hatsi ya tsiro ba.

Gobara, ciwon hanta da talauci

A 1890 ya kwashi matarsa da 'ya'yansa maza biyu ya koma Amurka. Manyan masu matsar barasa na garin Peoria a jihar Illinois ne suka so dabararsa, don za ta rage musu kuɗin sayen tsiron sha'ir. Maimakon shinkafa mai tsada, sai ya gano fumfunar tana girma sosai a kan dusar alkama, abin da ake zubarwa ko a ba dabbobi.

Sai dai ka san duk wanda ya zo da sabon abu, ya taɓa tuwon wani. Masu sana'ar tsiro suka ga abincinsu zai ƙare, suka tsane shi. Wata rana gobara ta tashi a masana'antar da yake gwajinsa. An yi zargin da hannun mutane, amma ba a tabbatar ba. Aka gyara aka ci gaba, sai kuma kamfanin da ya ɗauke shi ya shiga rikicin shari'a da na kuɗi, aka watsar da tsarinsa. Ana cikin haka ciwon hanta ya kwantar da shi, har sai da aka garzaya da shi Chicago aka yi masa aiki. Ga baƙunta, ga iyali, ga aljihu ba nauyi. Da wani ne, da ya tattara ya koma gida.

Shi kuwa sai ya sake kallon abin da ke hannunsa. In wannan sinadari yana narkar da sitaci a cikin ganga, me zai hana ya narkar da shi a cikin mutum? Ya shuka fumfunar a dusa, ya jiƙa da ruwa ya tace, ya ware sinadarin, ya busar da shi ya zama gari. Mafi muhimmanci, ya auna ƙarfinsa: gari kaza yana narkar da sitaci kaza a lokaci kaza. A watan Satumban 1894 Amurka ta ba shi takardar mallakar fasahar mai lamba 525,823, wadda ake lissafa ta a matsayin ta farko a ƙasar kan enzayim da aka samo daga ƙananan halittu. Ya sa wa garin suna Taka-Diastase. Daga 1895 kamfanin magunguna na Parke-Davis da ke Detroit ya fara sayar da shi a matsayin maganin rashin narkewar abinci, kuma ya karɓu.

Ga wani wayo da ya yi. Ya ba Parke-Davis izinin sayarwa, amma ya cire Japan daga cikin yarjejeniyar, don yana son 'yan ƙasarsa su ci moriyar kasuwar gida. A 1899 aka kafa wani ƙaramin kamfani mai suna Sankyo don sayar da maganin a Japan, a 1913 kuma Takamine ya zama shugabansa na farko. Yau shi ne ya zama Daiichi Sankyo, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin magunguna na Japan. Daga dusa fa aka faro.

Maganin ya yi suna har ya shiga adabi. A wani shahararren littafin barkwanci da Natsume Soseki ya fara fitarwa a 1905, wanda kyanwa ce ke ba da labarin, maigidan malamin makaranta ne mai cika ciki da abinci sannan ya bi da Taka-Diastase, daga baya kuma ya dawo yana gardama da matarsa cewa maganin ba ya aiki. Ka ga ke nan, musun da ake yi a ƙarƙashin bidiyon tallan nan ya girmi kakanninmu.

Adirenalin, da wanda aka manta da shi

Da kuɗi suka fara shigowa, ya koma New York ya buɗe ɗan ɗakin gwaji. A lokacin masana na tseren ware wani sinadari daga wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda, wanda ke ɗaga bugun zuciya da hawan jini. A 1900 aka yi nasarar fitar da shi tsantsa a ɗakin gwajin Takamine, ya sa masa suna Adrenalin. Shi ne adirenalin ɗin da har gobe likitoci ke yi wa mutum allurarsa in zuciya ta tsaya, ko jiki ya yi mummunan bore ga wani magani ko harbin ƙudan zuma.

Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Wanda ya yi aikin da hannunsa wani matashi ne ɗan Japan da Takamine ya ɗauka aiki, Keizo Uenaka, kuma sunansa bai fito a takardar mallakar ba. Sai bayan shekaru masu yawa, da littafin da yake rubuta gwaje-gwajensa ya bayyana, duniya ta san rawar da ya taka. Shi ma Takamine ya sha nasa, don wani farfesa Ba'amurke, John Jacob Abel, ya yi ta jayayya kan wanda ya riga wani. Darasi gare mu masu aikin rukuni a makaranta: rubuta abin da ka yi, da ranar da ka yi shi.

Takamine ya yi arziki, ya kuma kashe da yawa wajen gyara tsakanin ƙasarsa da Amurka, duk da cewa dokar lokacin ba ta ba haifaffen Japan damar zama ɗan ƙasa ba. Ya kafa ƙungiyar Nippon Club a New York a 1905. Yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin kyautar itatuwan furen sakura da birnin Tokyo ya aika Washington. Kashin farko na itace 2,000 da ya isa a 1910 ƙone shi aka yi saboda ƙwari da cuta, aka sake aika 3,020 a 1912, kuma har yau ana bikin furensu duk shekara. Shi ne kuma ya yi kira a 1913 da a kafa babbar cibiyar binciken kimiyya a Japan, aka kafa RIKEN a 1917. Ya rasu a New York ranar 22 ga Yuli, 1922, yana da shekara 67, aka binne shi a maƙabartar Woodlawn.

To, kwalbar tana aiki ko ba ta yi?

Amsar ita ce: tana yi wa wanda ke da buƙata. Akwai mutanen da fankiriyas ɗinsu ya gaza, saboda daɗaɗɗen kumburi ko kansa ko tiyata. Abinci na wucewa bai narke ba, suna ramewa, bayan gidansu na fita da maiƙo. Waɗannan likita ke rubuta musu enzayim, da awo, kuma yana riƙe rayuwarsu. Akwai masu shan madara cikinsu ya ɗauki ƙugi da gudawa, saboda ƙarancin enzayim ɗin laktes mai narkar da sukarin madara. Ƙwayar laktes na taimaka musu, kuma da yawa daga irin fumfunar Takamine ake samo ta. Shi ya sa ma wani madara ke ɓata masa ciki amma ya sha fura da nono lafiya lau, don tsamin nono ya riga ya rage wannan sukarin. Akwai kuma wani enzayim da ke rage wa wasu iskar da wake ke tarawa.

Amma kai mai lafiya, wanda cikinsa ke yin nasa enzayim ɗin isasshe, babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa ƙwayar za ta rage maka teɓa, ko ta wanke maka jini, ko ta gyara maka fata. Ganin lambar NAFDAC a jikin kwalba abu ne mai kyau, ka duba ta, amma ba ta nufin an tabbatar da duk abin da mai talla ke faɗa da bakinsa. Sannan ga abin da ba a cika gaya mana ba: enzayim ɗin da ake rubuta wa suna fankiriyatin, galibi daga fankiriyas ɗin alade ake samo shi. Wanda likita ya rubuta masa don larura, ya tattauna da likitansa da malaminsa. Amma kai da za ka saya don kwalliya, ka karanta jikin kwalba tukuna. Kada ka yi cinikin biri a sama.

Babban haɗarin ma ba asarar kuɗi ba ne, ɓata lokaci ne. Ga yadda na ƙare da tawa kwalbar: na shanye ta tas, ciwon na nan. Da na gaji na je asibiti, gwaji ya nuna ƙwayar cutar nan H. pylori mai haddasa gyambon ciki. Maganin mako biyu aka ba ni, na samu sauƙi. Ruwa ba ya tsami banza. In kana ramewa ba dalili, ko kana ganin jini ko baƙin bayan gida, ko amai ya ƙi tsayawa, ko haɗiya na yi maka wuya, ko ciwon ciki na tashinka cikin dare, ajiye waya ka nufi Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu. In kuma matsalarka loda tuwo ne da tsakar dare ka kwanta a kai, to maganinka kyauta ne: rage loma, tauna sosai, ka ɗan taka kafin barci.

Gargaɗi ɗaya kuma, don na san halinmu. Kada wani ya karanta wannan ya ce zai shuka fumfuna a kwanon tuwo. Koji iri ne da aka tace aka raina shekaru aru-aru. Yana da wani ɗan'uwa na jini mai kama da shi, wanda ke fitowa a kan gyaɗa da masarar da ba su bushe ba, yana fitar da gubar afalatoksin mai jawo kansar hanta. Ido ba ya iya bambanta su, sai ɗakin gwaji.

Abin da ya rage mana

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan. Takamine bai ƙirƙiri koji ba, a gidan kakanninsa ya tarar da shi. Abin da ya ƙara shi ne awo, da rubutu, da rajista. Abin da ya raba magani da surutun talla ke nan.

Mu kuma fa? Jihar Kebbi gidan shinkafa ce. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015. Ga masana'antar Labana a Birnin Kebbi, ga ta WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga fadamar Gulbin Rima shimfiɗe. Duk inda ake casar shinkafa akwai dusa, duk gidan da ake kunun zaƙi akwai mai ilimin tsiro. Ga ɗalibai masu karatun kimiyyar sinadarai da na ƙananan halittu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar Aliero. Masana a jami'o'in ƙasar nan sun yi rubuce-rubuce kan kunun zaƙi, saura a sauko da su daga kanta su zama sana'a.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, in za ki zaɓi batun binciken kammala karatu, ki fara leƙa madafin Inna kafin ki kwafo na wani a intanet. Mu kuma masu karatun aikin jarida da masu ɗimbin mabiya, kafin mu ɗaga kwalba a gaban kyamara saboda an biya mu, mu tambayi abu uku: me ke ciki, wa ya auna shi, wa aka yi wa shi? In mai kaya ya kasa amsawa, mu mayar masa da kuɗinsa. Cikin mutane ba wurin gwaji ba ne.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.